Ƙanwar Yakuwa a Ƙasar Ƙanƙara

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. 'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta haihu a jihar Maryland cikin watan Maris na 2024, azumi bai yi nisa ba, kuma babu wata babba a kusa da za ta dafa mata ruwa ko ta dama mata kunun kanwa. Na taso daga Gumel zuwa Kano, jirgi ya ɗauke mu zuwa Adis Ababa, daga can muka ƙetare teku muka sauka a filin jirgin Dulles da ke gefen Washington. Surukina ya tarye ni da rigar sanyi mai nauyin bargo. A tsakiyar jama'ar nan ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Hajiya, sannu da hanya," na ji hankalina ya kwanta tun ban ga jaririn ba.

Na iso ne a daidai lokacin da ƙasar ke farkawa daga sanyi. Bishiyoyin da suka yi wata huɗu tsirara sun fara fitar da fure tun kafin ganye, abin da ban taɓa ganin irinsa da yawa haka ba. Surukina ya zagaya da ni bakin tafkin nan na tsakiyar Washington inda bishiyoyin ceri suke, waɗanda magajin garin Tokyo ya aiko da kimanin 3,000 daga cikinsu kyauta a shekarar 1912. Sun yi fari fat, mutane sun cika wurin kamar ranar hawan Sallah. Na kalla, na yaba, amma zuciyata tana gida wurin mai jego.

Unguwarsu gidaje ne marasa katanga, sai ɗan shingen katako da bai wuce ƙugu ba, kowane gida da fili a bayansa. Bayan an yi suna an watse, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ni 'yar manoma ce, kuma na yi shekara talatin ina koyar da aikin gona a makarantar 'yan mata, ba na iya ganin ƙasa a zaune in ƙyale ta. Na ce wa surukina ya samo mini irin yakuwa, domin mai jego tana bukatar miya mai tsami. Ya sayo ta intanet. Saura wurin shuka.

Wuri mafi kyau a filin yana can kusurwa, inda ruwan indararo ke sauka, rana kuma tana dukansa tun hantsi har la'asar. Sai dai akwai wasu karare a tsaye a wurin, sun kai goma sha biyu, duk daga gindi ɗaya, tsawonsu ya kai ƙirjina, kaurinsu kamar babban yatsa, sun yi toka-toka.  Na karya ɗaya, ya yi ƙas, cikinsa farar totuwa ce busasshiya. Na kankare bayan wani da farce ko zan ga ɗanye, babu. A wurinmu, shukar da ta yi haka ta gama yayinta, sai a tuge a kai murhu. Na tambayi masu gidan, suka ce a watan Disamba suka tare, haka suka tarar da ita, ba su san ko mece ce ba.

Na ɗauko shebur. Na kama kara ɗaya na jijjiga na fizga, ya fito da wani ɓangare na gindin a jikinsa. Ina shirin kafa shebur ke nan na ji murya daga bayan shinge, da ƙarfi, irin muryar da ake tsayar da yaro in ya doshi rijiya.

Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa baƙar fata da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune da lambunta. Ta zagayo ta ƙofa da sauri, ko safar hannunta ba ta cire ba. Ta ce, "Kakar jariri, ajiye shebur ɗin nan. Ba ta mutu ba, barci take." Ta durƙusa da ƙyar, ta share ruɓaɓɓen ganyen da ya rufe gindin, ta tona da yatsa kamar zurfin gaɓa biyu, ta ce in leƙa. Sai ga saiwoyi masu kauri, farare, sun bazu kamar ƙananan rogo. A inda kara ya haɗu da saiwa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle jajaye, ba su kai ƙwayar wake ba. Ta ce waɗannan su ne shukar bana. Sannan ta ɗauki karan da na fizge ta juya gindinsa, ta nuna mini irin ƙullin nan guda biyu manne a jikinsa. Na cire su da hannuna. Abin ya tsaya mini a rai har dare, domin na san darajar toho, kuma da na yi tambaya kafin in taɓa, da ba a yi haka ba. Baƙo ko yana da ido makaho ne.

Ta ce sunan shukar hibiskus, irin mai jure sanyi. Tsohon mai gidan ne ya dasa ta shekaru da dama da suka wuce, ita ce ma ta ba shi. Duk shekara idan sanyin farko ya sauka a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, duk abin da ke saman ƙasa sai ya mutu, mutuwa ta gaske, karan nan ba zai sake yin ganye ba har abada. Amma gindin yana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, yana iya jure sanyin da ya kai digiri 29 ƙasa da sifiri. Saboda haka aikin mai lambu shi ne ya cire mataccen ba tare da ya taɓa mai ran ba.

Washegari da hantsi ta dawo da kayan aiki, ta ce tare za mu yi. Almakashi biyu ta kawo: ƙarami na hannu ɗaya, da babba mai dogayen ƙota da ake kamawa da hannu biyu, saboda karan da ya yi kauri. Ta fara goge bakinsu da tsumma da ta jiƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce almakashi yana ɗaukar cuta daga wannan shuka zuwa waccan kamar yadda askar wanzami take yi. Sannan ta dafa tafin hannunta a tsaye a gindin kara, ɗan yatsanta na taɓa ƙasa, ta ɗora bakin almakashi a saman hannun, ta janye hannun, ta datse. Abin da ya rage a ƙasa bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Ta miƙo mini. Na farko da na yanka ya tsage, saboda na murɗa almakashin. Ta gyara mini riƙo, ta ce in bar ƙarfen ya yi aikinsa, kada in ja, kada in jijjiga, domin duk motsin da kara ya yi yana isa har gindi. Na biyu ya fita sumul. Kafin rabin sa'a mun gama, wurin ya koma 'yan kututture goma sha ɗaya a tsaye kamar turakun awaki, da rami ɗaya inda na yi ɓarna, wanda ta cike da ƙasa ta danna da tafin hannu.

Na tambaye ta dalilin barin kututturen, tunda matattu ne. Ta ce alama ce. Wannan shuka ita ce ta ƙarshen tashi a duk lambu, sai ƙasa ta ɗumama sosai take motsi, kuma a makonnin nan da wurin yake fili mutum yana iya taka ta, ko ya kafa shebur a kanta, ko ya shuka wani abu a bisanta. Ta ce ta san mutane da yawa da suka tone tasu a watan Afrilu suka zubar, suka koma wurin mai sayarwa suna faɗa wai ya ba su matacciya. Daga nan muka zuba niƙaƙƙen ɓawon itace kewaye da gindin domin ya riƙe laima, amma ta hana a tula shi a kan gindin kansa, ta ce ruɓa yake kawowa.

Su ma masu lambun can ba su haɗu a kan lokacin yankan ba. Wasu suna yi da kaka, da zarar sanyi ya ƙone ganye, don lambu ya shiga hunturu a share, kuma ganyen da ke ɗauke da cuta kada ya kwana a gindi. Ita kuwa tana barin nata har ƙarshen Maris. Hujjarta, kararen da ke tsaye suna tare busasshen ganye da dusar ƙanƙara, su zame wa gindin mayafi, tsuntsaye kuma su sami irin da za su tsattsaga a lokacin da abinci ya yi wuya. Ni ra'ayina ya fi karkata ga nata. Na ga yadda manomin da ya bar karan dawa a gona yake tsare ƙasarsa daga iskar hunturu, wanda ya kwashe tas kuwa iska ta kwashe masa taki.

Akwai gargaɗi ɗaya da ta maimaita mini har sau biyu, ni ma zan maimaita shi, domin kama da wane ba ta wane. Hibiskus iri-iri ce, kuma wannan yankan na ƙasa-ƙasa na iri ɗaya ne kawai. Akwai wadda muka sani a harabar otal-otal da gidajen gwamnati a Kano da Abuja, mai ganye mai sheƙi da jan fure, wadda ƙasar Malesiya ta ɗauka furen ƙasa. Wannan 'yar ƙasar zafi ce, itace ce, rassanta ake ragewa, a Maryland kuwa a tukunya ake ajiye ta a shigar da ita ɗaki in sanyi ya zo. Akwai kuma wata mai ƙananan furanni wadda Koriya ta Kudu ta ɗauka nata furen ƙasar. Ita tana jure sanyi, tana zubar da ganye, amma rassanta suna nan da rai, a jikinsu sabon ganye ke fitowa. Wanda ya datse ta a gindi ya zubar da girman shekaru. Hanyar ganewa ita ce wadda na riga na sani, kankare bayan reshe da farce. In ka ga kore, rage kawai za ka yi. In ka ga busasshe har ƙasa, kuma ka san irin mai mutuwa ta tashi ce, sai ka datse. Gwajin da na yi daidai ne. Hukuncin da na yanke a kansa ne ya zama na wata ƙasa.

Daga nan sai jira. Aka yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, kututture na nan yadda suke. Aka yi arba'in, mai jego ta fita wanka, ta roƙe ni in ƙara watanni saboda za ta koma aiki, na yarda. Duk unguwar ta yi kore shar, ana ta yankan ciyawa da inji kowace Asabar, kusurwar nan kuwa shiru. Kullum bayan sallar asuba sai in goya jikana in fita in duba. Surukina ya ce, "Hajiya, anya ba a makara ba?" Na ce masa mai lambu ta ce a jira. A raina kuwa ina tsoron ko fizgar da na yi ce ta kashe ta.

Sai a mako na biyu na watan Mayu na ga wasu jajayen tsinke sun huda ƙasa a tsakanin kututturen. Ban san lokacin da na yi hamdala da ƙarfi ba. Kuma da ta tashi, ba ta yi wasa ba. Cikin mako uku ta kai gwiwata. Gefen da na yi wa rauni ne kawai ya fito da toho biyu sirara, sauran duk ƙosassu.

A nan ne aka zo yanka na biyu, wanda ya fi yi mini wuya. Dattijuwar ta zo ta tsaya a kan shukar, ta sa farcen babban yatsa da manuni ta tsinke kan wani toho, ɗanye sharaf, kamar tsawon gaɓa biyu. Na ce mata, "Baiwar Allah, wata biyu muna jiran abin nan!" Ta yi dariya ta ce in ba a tsinke ba, kowane kara zai miƙe shi kaɗai ya yi tsawo, ya yi fure a ƙoli kawai, ruwan sama mai iska na farko ya kwantar da shi. Na san bayanin a littafi, na ma koyar da shi: kan toho yana sakin wani sinadari da ke gangarowa ya hana idanun da ke hammatar ganye buɗewa, in aka cire kan sai su sami 'yanci, kara ɗaya ya zama rassa biyu ko uku. Wannan shuka kuma a kan sabon reshe take fure, don haka yawan rassa shi ne yawan furanni. Amma sanin abu a allo daban, sa farce a ɗanyen toho daban. Ta tsinke na gaba-gaba ta bar na baya, ta ce waɗanda ba a taɓa ba za su riga fure, waɗanda aka tsinke su biyo bayansu da mako ɗaya ko biyu, sai kwanakin furen su yi tsawo. Ta ce daga farkon Yuli kuma a ɗauke hannu, domin daga nan duk abin da aka tsinke fure ne aka zubar. Siraran nan biyu na gefen rauni ta yanke ɗaya a gindi ta bar ɗaya, don ƙarfin saiwar ya taru wuri guda.

Ina kallonta sai na tuna da manoman Maraɗi. Kututturen sabara da kalgo da ake sarewa duk shekara a lokacin sassabe, ashe rayayyun saiwoyi ne a ƙarƙashin gona. Tun daga shekarun 1980, da ƙarfafawar wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka koma zaɓen toho mafi ƙarfi a kowane kututture su bar shi, su rage sauran, har gonaki suka sake yin itatuwa. Sassabin zamani suke ce masa. Na ba ta labarin, ta saurara da kyau, ta ce kakarta a Karolina ta Kudu ma ba ta taɓa tuge abin da ba ta ga saiwarsa ba.

Furen farko ya buɗe a tsakiyar Yuli. Na fito da asuba na tarar da shi, ja wur, faɗinsa ya kai faifai ƙarami. Na ɗora tafin hannuna a kai bai rufe shi ba. Na tsaya ina ƙare masa kallo: kunnuwa biyar masu laushi kamar takardar shafa, a tsakiya kuma wani dogon sanda mai ɗauke da ƙurar fure a jikinsa, kansa ya rabu biyar. Na san wannan fuskar. Ita ce fuskar furen kuɓewa, ita ce ta rama, ita ce ta yakuwa da auduga, an dai faɗaɗa ta ne. Ganyen ma a tsattsage yake kamar na rama. A littafin masana yakuwa ita ce Hibiscus sabdariffa, rama Hibiscus cannabinus, wannan kuwa uwarta ta daji ita ce Hibiscus moscheutos, sunan da Linnaeus ya ba ta a 1753. Gida ɗaya suka fito. Ta bayan gidanmu sunanta Lord Baltimore, wani mai haɗa iri da ake kira Robert Darby ne ya samar da ita, ya sa mata sarautar gidan da ya kafa Maryland. Wasu 'yan'uwa uku, 'yan gidan Fleming a garin Lincoln na jihar Nebraska, su ma sun ƙarar da rayuwarsu a kan haɗa irinta, har suka fitar da mai ganye launin jan ƙarfe da suka kira Kopper King.

Dattijuwar ta dage sai na ga uwar shukar a gidanta na daji. Wata Asabar surukina ya kai mu lambun ruwa na Kenilworth, a bakin kogin Anacostia cikin Washington. Wani tsohon soja mai hannu ɗaya, Walter Shaw, shi ya fara shuka bado a wurin a ƙarshen ƙarni na 19, 'yarsa Helen Fowler ta ci gaba, gwamnati ta saye wurin a 1938. Tafkunan cike suke da bado, sai na ji kamar ina fadamar Haɗejiya. Muka bi wata gada ta katako har cikin fadamar da ruwanta ke hawa da sauka tare da teku, kuma ga ta nan a bakin ruwa, ƙafarta cikin taɓo, ta fi ni tsawo, furanninta farare da masu ruwan hoda, kowanne da jan ido a tsakiya kamar na rama. A gindinta ana iya ganin kararen bara, sun karye sun kwanta suna ruɓewa. A nan babu mai almakashi, ƙanƙara da iska da ruwa su suke yin aikin, a hankali. A nan ne kuma na gane dalilin da tsohon mai gidan ya dasa tamu a bakin indararo. 'Yar fadama ce, ƙishirwar kwana biyu tana sa ta zubar da ƙullin furenta.

Kowane fure kwana ɗaya yake yi, in ya daɗe biyu. Da yamma ya naɗe, washegari ya faɗi a kan ganye ya narke, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Tsince su ya zama aikina na safe, ina karye mataccen a wuyansa a hankali saboda ƙullin gobe yana manne da shi. Sai kuma wani ƙwaro mai sheƙin kore da jan ƙarfe, ɗan asalin Japan, wanda aka fara gani a Amurka a jihar New Jersey a 1916. Yana cinye ganye ya bar jijiyoyi kamar rariya. Ba mu yi feshi ba, saboda ƙudajen zuma da ke shiga furen. Da sanyin safiya, kafin jikinsa ya saki, nake tara kwano da ruwan sabulu a ƙarƙashi in girgiza reshe, su zubo.

Yakuwata na shuka ta a gefe, ta yi ganye mun sha miya har mun ba maƙwabta. Zoɓorodo dai ba ta yi ba kafin in taho, domin yakuwa ba ta huda sai yini ya fara gajarta, a can kuwa lokacin da yini ke gajarta sanyi yana bakin ƙofa. Wanda muka jiƙa na zoɓo a kantin 'yan Meksiko muka saya, suna ce masa hamaika, kuma na riƙe busasshen a hannuna ina tunanin buhunan da ake lodawa a Maigatari, tunda Meksiko ce babbar mai sayen na Najeriya. Na ce wa 'yata idan sanyi ya kashe yakuwar, ta tuge ta gaba ɗaya, ba ta da sauran amfani a ƙasa, ajiyarta a gurguzu take. Waccan kuwa kada ta kuskura ta ja ta.

Na taho a ƙarshen Agusta tana kan fure, har siririn nan na gefen rauni ya yi guda uku. Dattijuwar ta ba ni ƙaramin almakashinta, na ba ta turmin atamfa da ƙullin daddawar batso, na yi mata bayanin cewa da gurguzu ake yin ta.

A watan Maris da ya biyo baya, ina zaune a tsakar gida a Gumel ana zafin bazara, sai ga hoto ta WhatsApp. Kararen nan ne masu toka-toka, sun fi na bara yawa, 'yata ta durƙusa a gabansu cikin rigar sanyi, yaron yana tsaye ya dafa kafaɗarta. Ta ɗora bakin almakashi dab da ƙasa, ta rubuto, "Umma, a nan zan yanke?" Na ƙara girman hoton na duba, na ce mata ta ɗaga sama da yatsa uku, kuma ta riƙe karan kada ya motsa.